Gidan da Kowa Ke Ɗingishi

"Hajiya, ni fa ba a taɓa yi min irin wannan ba," in ji Mai Sawu. "Kin ɗago ni daga kasuwar dabbobi kin ce ɓarawo ɗaya ne mai ɗingishi. To ga shi gidan nan kowa gurgu ne! Wanne zan bi?"

Na ce, "Ba guragu ba ne, 'yan fim ne."

Ya ce, "To Allah ya ba su lafiya."

Yana tsugune a tsakar gidan, da tsinke a hannu. Ta bayansa ƙatti uku suka wuce, kowa na jan ƙafar hagu yana dafe da ƙugu, kamar waɗanda mota ɗaya ta kaɗe.

Bari in faɗa muku yadda abin ya faro. Ni ke dafa wa masu fim ɗin abinci. Ɗana na fari, da muke ce wa Babba, shi ne mai kula da kayan sawarsu, makullin sito a hannunsa yake. Fim ne mai dogon zango, irin wanda ake nunawa kowane mako ba ya ƙarewa. Akwai dattijon da ke fitowa a uban gida, kowa Baba Ɗingis yake ce masa, saboda wata tafiya da yake yi a fim ɗin. Tsohuwar kwat mai ruwan ƙasa, hula, sanda, baƙin takalmi sau-ciki, sai ya jawo ƙafar hagu kamar duniya ce ta taka shi. Yara a layinmu in ya fito ko kiran sallah ba sa ji sai an kashe talabijin.

Bawan Allahn nan ya ci abincina da rana, har ya ce gobe in ƙara yaji. Da safe aka ce ya cika. Ba ciwo ba komai. Kuma kafin wani ya buɗe baki, tukunya ɗaya kowa ya ci. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri.

Aka tsaya da aiki aka yi ta'aziyya. Da aka dawo, Darakta ya tara mutane ya ce labari ya tsaya a tsakiya, ba za a ce uban gida ya ɓace haka kawai ba. Za a nemi mai irin jikinsa, a sa masa kayan marigayi, a riƙa ɗaukarsa ta baya har labari ya kai inda zai yi tafiya ya bar gari.

"Ba fuska muke nema ba," in ji shi. "Ƙeya muke nema, da tafiya. Kowa ya koma gida, ba aiki sai ranar gwaji."

Shi ke nan fa. Duk namijin da gemunsa ya fara fari ya kama ɗingishi. Maigadi na yi, mai janareta na yi, mai shayin tsallaken titi na yi. Har Baban yara, wanda ke ɗauko min kuloli a tsohuwar motarsa, wanda kullum yake ce wa Babba fim aikin marasa aikin yi ne, na gan shi yana jan ƙafa. Na ce to, cutar ta shigo har gidana. Ya ce in rufa masa baki, kulocin mota ne ya yi tauri.

Ranar da za a yi gwajin zaɓen wanda zai maye gurbin, Babba ya buɗe sito. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Kwat babu, hula babu, sanda babu, takalmi babu. Ga kuma sawu a busasshen taɓo, daga ƙofar sito har bakin get, na mai jan ƙafar hagu.

Mai kwalliya ta ƙwalla ƙara, wai marigayi ne ya dawo ɗaukar kayansa.

Na ce, "A'uzubillahi! Ke ki ji tsoron Allah. Mutum na can yana amsa tambaya, kwat ce a gabansa?"

Alhaji mai fim bai damu da fatalwa ba. Ya nuna Babba da waya.

"Makulli a wurin wa yake? To. Kayan nan suna cikin duk abin da muka ɗauka, ba a sayar da irinsu a kanti. In la'asar ta yi ban gan su ba, 'yan sanda za su tambaye ka. Kuma ko tsumman goge kyamara ba wanda zai ƙara ba ka riƙo a sana'ar nan."

Matar Babba na gida da tsohon ciki. Ban tsaya kuka ba. Na juye kwanukan abincina na kife sawun ɗaya bayan ɗaya don kar guragun nan su tattake, na ja mayafi na tafi neman Mai Sawu. Shi ya taɓa gano ragon maƙwabciyata a bayan ɗakin surukinta, har yau ba sa ga maciji.

*

Mai Sawu ɗan tsamurmurin tsoho ne, tsabar sunkuyo har bayansa ya lanƙwashe. Ba ya kallon fuskar mutum. In ka gaishe shi, yatsun ƙafarka yake amsa wa.

Na ɗaga masa kwanon farko. Ya auna da tsinkensa. Na ɗaga na biyu, ya auna, ya tsaya. Ya koma na farko. Ya sake dawowa. Sai ya miƙe, iya miƙewar da yake iyawa, ya gyara murya.

"Ɓarayi biyu ne."

Darakta ya matso. Yaro ne mai tabarau, kullum da tawul a wuya. "Biyu, Baba? Ai sawu layi ɗaya ne."

"Ni zan koya maka fim? To kar ka koya min sawu. Takalmin dama babba ne, na hagu ƙarami. Ka taɓa ganin mutum ɗaya da ƙafafun mutum biyu? Sun raba takalmin ne, kowa ya sa ɗaya, suka rungumi juna suna tsalle don su ruɗa mai bincike."

Darakta ya dafe kai. "Kai! Wannan ai sin ne, abin sawa a fim."

Na ce, "Kai ɗana ake shirin ɗaurewa, kana maganar sin?"

Aka fara da maigadi. Ya jawo ƙafa ya zo.

"Ina kake a kwanakin da ba a aiki?"

"Gidan rasuwa."

"Kullum?"

"Can ake dafa abinci, Malam. Nan Mama ta daina kawowa. In zauna in gadi yunwa?"

"Get ɗin fa?"

"Na jawo shi."

"Ka kulle?"

"Na jawo shi sosai."

Mai Sawu ya dubi silifas ɗinsa, ya ce ya tafi, wannan ko kaza ba zai iya sata ba, sai dai a sace shi.

Sai ƙanin marigayi. Ƙaton mutum, direban babbar mota ne da, yanzu ba ya komai sai zuwa wurin ɗaukar fim tun da yayansa ya rasu. Bai jira tambaya ba.

"Ni ba ɓoye-ɓoye. Matsayin nan gado ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ɗingishin nan a jininmu yake."

Na ce, "Kai da na gani jiya kana tseren shiga mota?"

"Yana zuwa yana tafiya, Hajiya. Kuma kwat ɗin nan ma, in za a bi gaskiya, cikin kayan gado take."

"Au, kana son kwat ɗin ke nan?" in ji Mai Sawu.

"Ina so. Amma da ni na ɗauka, da a jikina za ku gan ta."

Mai Sawu ya ɗora tsinke a ƙafarsa. Ya gyaɗa kai. Babbar ƙafa ta samu.

Ƙaramar ba ta yi wuyar samu ba. Akwai wani mawaƙi, yaro ne ƙanin bayan Babba, da ya barbaɗa hoda a gemu wai ya zama tsoho. In ya yi atishawa sai shekarunsa su zube a ƙirji. Ƙafarsa kamar ta amarya.

"Ni da wannan?" in ji Mawaƙi. "Baba, ko gaisawa ba ma yi. Ce min ya yi ɗan daudun kalangu."

"Na faɗa, zan kuma," in ji ƙanin marigayi.

"Duk ɓarayin da na sani haka suke faɗa a gaban mutane," in ji Mai Sawu. "Ku rungumi juna."

Jama'a, ban so in yi dariya ba, don ɗana ake shirin kamawa. Amma a ce ƙato ya rungumo ɗan firit, kowa ya ɗage ƙafa ɗaya, ana ce musu su yi tsalle zuwa get! Tsallen farko hoda ta shiga hancin ƙaton. Na biyu ya ɗauke yaron sama gaba ɗaya. Na uku suka zube kan kwanukana, murfi na gangarawa har ƙarƙashin janareta. Mai kyamara kuwa, mara mutunci, ashe ɗauka yake.

Mai Sawu ya je ya duba inda suka dira. Ya daɗe. Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ba su ba ne. Amma sun yi ƙoƙari."

Alhaji ya ɗaga waya ya nuna min agogo.

*

Tun da aka ce takalmi ɗaya ya fi ɗaya, na ga Babba ya canza. Gumi ya jiƙa masa riga. Ni na haife shi, na san gumin zafi, na san na rashin gaskiya. Na ja shi bayan janareta inda ba mai ji.

"Dube ni. Kai ka ɗauka?"

"Wallahi Mama ban ɗauka ba."

"To mene ne kake zufa kamar wanda ya haɗiyi garwashi?"

Ya kau da kai. Na cire takalmina ɗaya. Yana da gemu, yana da mata, amma ya san takalmin nan.

"Mama tsaya! Takalmin marigayi ne. Ni na sayo shi a gwanjo ranar da za a fara fim. Ina sauri, na zaro biyu a cikin tuli, iri ɗaya, launi ɗaya. Ashe ba 'yan gida ɗaya ba ne. Na hagun ƙarami ne."

"Innalillahi. Sai ka ba dattijo ya sa?"

"Ya sa, aka ce akshin, ya taho yana ɗingishi don azaba. Sai Darakta ya hau tafi, wai bai taɓa ganin wanda ya fahimci labari irinsa ba. Da aka tashi na je ba shi haƙuri, ya ce, yaro, yi shiru, kowa ya ci abincinsa."

"Duk tsawon lokacin nan?"

"Kullum in an gama ni ke kai masa ruwan ɗumi da gishiri a bayan sito."

Gari guda na kwaikwayon tafiyar mutum, ashe takalmi ke cizonsa. Na yi masa addu'a a raina, na ce Allah ya sa haƙurin nan ya tarar da shi a mizani. Sannan na ɗan ɗaka wa Babba takalmin a kafaɗa, don kar ya tashi a banza.

Na je na raɗa wa Mai Sawu. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Na sani," in ji shi.

"Ka sani?"

"Tun ɗazu. Gwada su nake."

"Kwanukana biyu sun lotse a gwajin nan naka."

Bai kula ni ba. Ya koma kan sawun, ya tsuguna, yana magana shi kaɗai. "Mutum ɗaya. Ya sa takalmin tun daga sito, bai iya haƙuri ya kai gida ba. Ba na sayarwa ba ne wannan, mai so ne. Kuma wanda ya sa shi sau ɗaya don so, zai kuma sawa. Takalmin da ya ciji mai shi ba zai ƙyale baƙo ba." Ya ɗago, a karon farko ya kai idonsa har gwiwata. "Hajiya, a gidan nan akwai gurgu ɗaya na gaske."

"To a sa kowa ya cire takalmi mana."

Na je na faɗa wa Alhaji, ban dai ambaci gwanjo ba. Ya ce shi ba zai tara manyan mutane ya ce su nuna masa ƙafa ba, ba asibiti ya buɗe ba. Ƙanin marigayi ya ce an riga an kayar da shi sau ɗaya, wanda ya taɓa masa takalmi sai an kwashe shi. Sauran suka ɗauka, kowa na cewa mutuncinsa.

Mai Sawu ya ja ni gefe. "Yaushe kike ba su abinci?"

"Da an idar da azahar."

"Yau ki makara."

*

Aka yi azahar. Ba abinci. Kuloli na cikin mota a bakin get, Baban yara na zaune a ciki ya kunna rediyo. Tun safe yake nan, abin da bai saba ba, don kullum yana sauke ni yake juyawa, wai ba ya son ƙafarsa ta daɗe a wurin shashanci. Na ɗauka tausayin ɗansa ne ya zaunar da shi. Har na ji daɗi.

Rana ta karkata. Guragu suka fara hamma. Mai janareta ya zo ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce wuta ce ba ta ci ba. Mawaƙi ya ce jiri yake gani. Na ce ya lashi gemunsa.

Shi kuwa Mai Sawu ya karɓi tsintsiya ya share filin tas, daga rumfar da suke zaune har teburin rabo, da kuma daga get zuwa teburin. Ya yayyafa ruwa, ya bi da bayan tsintsiya ya lallashe ƙasar ta yi sumul. Ya hana kowa takawa. Darakta ya tambaye shi ko asiri ne. Ya ce eh.

Babba da mai kyamara suka zagayo ta jikin katanga da kuloli, suka jera. Saura ɗaya, ta miya, na leƙa get na ce wa Baban yara ya taho da ita in ya ji na buga murfi.

Mai Sawu ya ɗaga min tsinke. Na ɗauki ludayi na rafka wa murfin tukunya.

"Abinci!"

Wallahi ban taɓa ganin waraka irin ta ranar ba. Mutanen da tun safe ke jan ƙafa suka miƙe kamar an sako awaki. Maigadi ya tsallake benci. Ƙanin marigayi, mai ɗingishi a jini, shi ya zo na ɗaya. Ko Alhaji sai da ya ɗan ɗaga ƙafa.

Ina zuba musu, ina satar kallon Mai Sawu. Ya bi sawun rumfa a sunkuye, yana tsaki. Duk lafiyayyu. Sai ya juya wajen get. Ya tsaya. Ya tsuguna. Ya fara tahowa a hankali, hancinsa kamar zai taɓa ƙasa, tsinke na nuna dama, hagu, dama, hagu. Masu ci suka daina tauna. Ya taho, ya taho, ya zagaye ƙafar teburi, sai da goshinsa ya daki gwiwar mutum.

Ya dubi ƙafafun. Silifas ne, da safa, a wannan zafin. Ya dubi kular miyar da ke gefensu. Sai ya ja da baya, ya zo kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, mai safar nan, me yake a wurinki?"

Ludayi ya yi min nauyi. "Uban 'ya'yana ne."

"To. Ni ƙa'idata, wanda ya ɗauko ni shi nake faɗa wa. Na faɗa miki. In kin ce ban ga komai ba, ban gani ba. A zuba min, da tsoka."

Ya karɓi kwano ya koma gindin katanga.

Alhaji ya taso da waya a hannu. "Me ya ce? Waye?"

Na dubi Babba. Yana tsaye ko loma bai kai ba, leɓensa ya bushe. Na dubi mutumin da na yi shekara da shekaru ina wanke wa riga, wanda ban taɓa ɗaga wa murya a gaban baƙo ba. Yana kallon sama kamar mai neman wata.

Na ajiye ludayi. Na je gabansa.

"Malam, cire safar."

"Wace irin magana ce wannan? A gaban yara?"

"A gaban yaran za a sa wa ɗanka ankwa."

"Kuloci ne na ce miki."

"To mu ga aikin kulocin."

Ya duba hagu, ya duba dama. Ba hanya. Ya zauna a kan kular miya, ya fara zare safar yana cije baki, don ta manne. Subhanallahi. Ɗan yatsan ya kumbura ya yi jawur, diddige ta yi bororo ta fashe, wani ya sake tasowa a kai. Mai kwalliya ta rufe ido. Mai janareta ya ajiye kwanonsa, ya sake ɗauka.

Na miƙa hannu. "Makullin but ɗin mota."

Babba ya je ya buɗe. Ga kwat a ninke cikin leda, an ma goge ta. Ga hula, ga sanda, ga takalmi ya sha mai yana ƙyalli. Tun da aka sayo su ba su taɓa samun gata irin wannan ba.

Babba ya dawo rungume da kayan. "Baba? Kai? Kai da ka ce aikin marasa aikin yi ne?"

"Har yanzu ban janye ba."

"A ƙusa ka ɗauki makullin?"

"Wa ya ce ka rataye makullin mutane a ƙusa? Sakarci ne."

Na ce, "Au, shi ne ma mai laifin? Tun safe kana zaune kana jin rediyo ana kiran ɗanka ɓarawo!"

"Rediyon a kashe yake a raina," in ji shi. "Da niyyar mayarwa na zo. Na tarar an cika gida, ke kuma kin kife ko'ina da kwanuka. Jira nake a watse."

"A watse da ɗanka a bayan motar 'yan sanda?"

"Da na fito kafin nan." Ya sunkuyar da kai. "Ina jin da na fito."

Alhaji ya ce, "Malam, da girmanka? Me za ka yi da kayan mamaci?"

Baban yara ya daɗe yana murza safar a hannu.

"Alhaji, tun ina saurayi nake tuƙa motar haya. Na kai amare, na kai masu naƙuda, na kai gawa. Ka tara duk wanda na taɓa ɗauka, ka ce ya nuna fuskata, ba zai iya ba. Ƙeyata kawai suka sani. Sai ranar nan ina sauke kula na ji yaron nan Darakta yana cewa ba fuska ake nema ba, ƙeya ake nema." Ya share hanci. "Na ce yau ga aikin da na fi kowa daɗewa a cikinsa. Aro na yi in gwada a gareji, in ga ko zan iya. Ba wanda ya gaya min takalmin mugu ne."

Ba wanda ya yi dariya sai Mawaƙi, shi ma ƙanin marigayi ya dafa masa kai ya daina.

Ni haushi bai sake ni ba, amma tausayinsa ya kama ni. Na tuna ni ma daga kujerar bayan motar nan na fara ganinsa.

Alhaji shi bai ji tausayin komai ba. "To ba 'yan sanda, don darajar Mama. Amma kai Babba, uba ya sata, ɗa ya bar makulli a ƙusa. Ajiye min kayana ka kama gabanka."

"Alhaji, dakata," in ji Darakta. Tun ɗazu yake zagaya Baban yara ta baya yana haɗa yatsu yana leƙe ta tsakani. "Baba, don Allah tashi. Babba, sa masa kwat. Hular ma. Ba shi sandar. Bar takalmin, ba zai shiga ba. Baba, tafi get. Kar ka yi komai, tafi kawai."

Ya tashi. Ya ba mu baya. Ya tafi.

Ni ba mai kallon fim ba ce, in an kunna ma tasbihina nake ja. Amma tsigar jikina sai da ta tashi. Kafaɗar nan, wuyan nan, yadda yake sauke ƙafar hagu kamar yana roƙonta. Mai kwalliya ta fashe da kuka. Ƙanin marigayi ya ce, "Yaya," a hankali, ya juya fuska ya ci gaba da cin abinci yana hawaye.

Alhaji ya mayar da waya aljihu. "In aka gama fim ɗin nan da shi, yaron ya zauna. In ba a gama ba, su tafi tare."

Na ce alhamdulillahi. Babba ya zauna a ƙasa ya jawo kwano.

Baban yara ya dawo yana haki, gumi na ɗiga, amma bakin nan ya ƙi rufuwa. Na ce ya zauna. Na buɗe jakata na ciro auduga da maganin da nake sa wa ƙunar girki. Na ɗauki takalmin hagun na danna a hammata.

"Wannan kuma gobe wurin mai gyaran takalmi zai kwana, a buɗa shi. Ya azabtar da bawan Allah ɗaya har kabari, ya isa."

Darakta ya cire tabarau. "A buɗa shi? Mama, me ya sami takalmin?"

Babba ya shaƙe da loma. Na ce, "Ƙarami ne. Shi ne duk tafiyar da kake wa tafi."

Ya yi tsaye baki buɗe. Na ɗauka zai faɗi. Sai ya juya gindin katanga.

"Baba Mai Sawu, in ƙafar ta warke, zai iya yin tafiyar nan?"

Mai Sawu na fama da ƙashi. "Zai yi. Irin tasu." Ya nuna masu cin abinci da haɓa.

Na jawo ƙafar na ɗora a cinyata. Na buɗe kwalbar. Baban yara ya riƙe hular a ƙirji da hannu biyu, yana kallona, ban san ko magani yake roƙo ko kar in sa ba. Babba ya daina ci. Alhaji ya sake laluben aljihu.

Darakta ya zo ya durƙusa a gabana, gwiwa biyu a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya shimfiɗa tawul ɗinsa tsakanin audugar da diddigen.

"Mama, don girman Allah. Ba har abada ba, mu dai kai inda zai bar gari. Ki rufe kwalbar nan, ki bar mana ƙafar yadda take. Kin ji, Mama?"